Ranar da Aka Ɓoye Jarkoki

Saƙon Yaya ya shigo ne Auta tana kantin maganin da take aiki, tana goge ƙurar kwalabe. Saƙon murya ne. Ta juya wa mai kantin baya, ta kara wayar a kunne.

"Auta, kin ga abin da ke yawo a waya? An jera biranen da zama ya fi wuya a cikinsu. Ruwa, wuta, hanya, shara, asibiti, duk an duba. Naku yana can ƙasa, ƙasan ƙarshe! Ni dai na gaji da jin 'lafiya lau' a bakinku. Ranar Asabar ina nan tafe in gani da idona. In abin haka yake, da Umma zan dawo. Na ma gyara mata ɗaki."

Auta ta sauke wayar a hankali. Yaya ta daɗe da aure a wani birni mai nisa, ɗakin da ta gyara kuwa na mutum ɗaya ne. Tun rasuwar Baba su biyu ne a gidan, ita da Umma, can a saman bene na ƙarshe. Umma ce ke tashinta da safe, ita ce ke jiran ta da yamma ta taga. In aka ɗauke Umma, da wa za ta yi magana? Ita da ko gaisuwar maƙwabta sai ta yi ta bitar ta a zuci kafin ta furta.

Da ta dawo gida ta kunna wa Umma saƙon. Umma tana zaune kan jarka, don a gidan nan jarka kujera ce, tebur ce, wani lokacin ma matakala. Ta saurara har ƙarshe, ta taɓe baki.

"Su wa suka jera? Sun hau benen nan sun tambaye ni?"

"Umma, in ta ga jarkokin nan shi ke nan fa."

Suka duba falon tare, kamar yau suka fara ganin sa. Jarkoki rawaya a jikin bango, wasu kan wasu. Bokitai a bayan ƙofa, ganga a lungu da labule a kanta. Gaskiya dai, masu jerin ba su yi musu ƙarya ba. Kwatar layinsu ta cika ta batse har kan titi. Wuta sai ta ga dama. Ruwa kuwa ba shi da rana, ba shi da lokaci. Shi ya sa kowane gida a benen ke barin famfo a buɗe dare da rana, da farantin ƙarfe a kife a ƙarƙashinsa, don ɗigon farko ya buga ya tashi mutane.

"Ni ba inda za ni," in ji Umma. "Amma yayarki in ta kafe, sai ta sa ni kuka na bi ta. Halin ubanku ne sak."

"To mu ɓoye su," Auta ta ce a hankali.

Umma ta ɗago. Idonta ya yi wani ƙyalli irin na yarinya.

"Maimaita in ji."

"Mu ɓoye su. Kwana ɗaya ne kawai za ta yi."

Daga nan gida ya rikice. Umma ta leƙa ta taga ta kwaɗa wa Injiniya kira. Injiniya mai gyaran famfo ne da ke da ɗan shago a ƙasan benen. Da ya ga famfunan gari ba sa lalacewa saboda babu abin da ke bi ta cikinsu, sai ya koma gyaran fanka. Fankar ma babu wutar da za a gwada ta, sai dai ya hura ta da baki ya ce wa mai ita ta gyaru.

Ya hau yana haki, ya ji bayani, ya tafa hannu.

"Mama, ai kin zo gidan sana'a! In ɗora ganga a kan rufi, in ja tiyo ta bayan taga in haɗa da famfon kicin. Tana murɗawa ruwa zai zubo shaa, kamar a otal."

"Zai kai kwana?"

"In ba a yi masa almubazzaranci ba."

"Na banɗaki fa?" in ji Auta, idonta a ƙasa.

"Wannan ku rufe shi gam, ku ce ya lalace, an kira mai gyara bai zo ba. Kowa ya san halinmu, za ta yarda."

Haka aka yi. Suka juye duk ruwan da ya rage musu a gangar rufi. Maman 'Yan Biyu, maƙwabciyarsu ta ƙasa, ta ba su aron batirin da take kunna fitila da fanka, ta ce a gaishe da baƙuwa, a kuma dawo mata da shi da ransa. Jarkoki da bokitai da robobi, har da farantin ƙarfen, duk aka sauke su shagon Injiniya, ya danna kwaɗo. Auta ta durƙusa ta yi ta dirzar zagayen da jarkoki suka bari a siminti, da ya ƙi fita ta ja tabarma ta rufe. Falon ya yi faɗi har murya na amsa kuwwa. Umma ta tsaya a tsakiya ta riƙe ƙugu.

"Ashe babban gida gare mu ba mu sani ba!"

Auta ta yi dariya har ta dafa bango. Rabon da ta ji zuciyarta na tsalle haka ta manta.

Asabar da hantsi Yaya ta iso. Direban tasi ya hau da kayanta yana mita a kan ramukan hanya. Ita kuwa ta shigo da ƙamshinta, da doguwar rigarta mai ruwan zuma, da takalmi mai tsini wanda ta tsallake kwata da shi ba a san ta yaya ba. Ta rungume Umma, ta ja kumatun Auta.

"Ke har yanzu ba ki iya kallon mutum a ido ba? Kai, layin nan naku! Sai da na toshe hanci tun daga kwanar shigowa."

"Motar shara ce ta makara yau," in ji Umma, ko gezau.

Yaya ta zauna. Fanka na juyawa, ƙwan fitila na ci da rana tsaka don a gani. Ta bi falon da kallo, kusurwa-kusurwa, irin kallon mai sayen gida.

"Kuna da wuta ashe."

"Mu da wuta ai sai dai mu gaji mu kashe."

Auta ta gudu kicin kada dariya ta tona su. Sai ga Yaya a bayanta, wai za ta wanke hannu. Ta murɗa famfo. Ruwa ya zubo shaa, kamar yadda Injiniya ya yi alkawari. Yaya ta ɗaga gira.

"Iye!"

Ta sa sabulu. Ta bar famfon yana zuba tana cuɗa hannu, yatsa bayan yatsa, tana ba Auta labarin makarantar yaranta. Auta ba ta jin ko kalma ɗaya. Ruwan kawai take kallo yana bin rariya. Ga na shayin gobe ya wuce. Ga na wanke-wanke. Ga na wankan Umma. Hannunta ya tashi da kansa ya rufe famfon.

"Lafiya?"

"Ƙarar ce ba na so, Yaya."

Yaya ta dube ta sheƙeƙe, ta sake buɗewa, ta ɗauraye, har da wanke fuska.

Aka ci abinci, aka yi hira. Yaya ta fito da waya ta nuna wa Umma hoton ɗakin da ta gyara: gado mai laushi, labule fari, taga tana kallon itatuwa. Umma ta ce ma sha Allah, ta miƙa mata wayar.

"Wa ke zama a gidan da rana?"

"Ba kowa. Ni ina aiki, shi yana aiki, yara suna makaranta. Ki huta abinki, ba mai damun ki."

"To," in ji Umma.

Auta ta lura Yaya ta fara saukowa. Ta cire takalmi, ta miƙe ƙafa a kan tabarma, har ta ce wataƙila masu jerin nan sun yi ƙari. Auta ta fara murna a ranta. Saura a kwana, gari ya waye, tasi ya zo.

Sai ga wani sauti daga can ƙasa. Tan. Shiru. Tan, tan. Sai wani ya amsa daga wani gidan, sai wani, har benen ya ɗauka gaba ɗaya kamar ana kiɗa da cokula. Ƙofofi suka shiga bugawa. Muryar Maman 'Yan Biyu ta tsaga matakala:

"Ruwa! Jama'a an kawo ruwa!"

Auta ta dubi Umma. Umma ta dubi Auta. Auta ta girgiza kai a hankali, tana roƙon ta da ido. Umma ta daure, ta ɗauki kofin shayinta, ta kai baki. Ba ta kurɓa ba. Rabon su da ruwan famfo an yi makonni, abin da ke cikin gangar rufi kuma Yaya ta wanke fuska da rabinsa.

"Me ake yi wa ihu haka?" in ji Yaya.

"Yara ne," in ji Umma. "Wasa suke..."

"Mama!" Maman 'Yan Biyu ta sake kwaɗawa daga ƙasa. "Ku tara fa, da ƙarfinsa ya zo, ya hau har sama!"

Umma ta dire kofin.

"Ya hau har sama? Auta, tashi! Banɗaki!"

Ta miƙe, ta ɗaure zani a ƙugu, ta yi banɗaki da saurin da Auta ba ta san tana da shi ba. Ta murɗe famfon da aka ce ya lalace. Ya yi tari, ya yi atishawa, ya tofar da wani jan ruwa, sannan ya saki fari tas, mai kauri kamar hannun yaro, yana dukan siminti.

"Jarka! Kawo jarka!"

Auta ta juya falo da gudu, ta tsaya cak. Bango fayau. Bayan ƙofa fayau. Ta kwasa ta sauka matakala, tana kauce wa mutane da bokitai, wani na hawa wani na sauka, yara na ihu, ruwa na bin matakala. Ta isa shagon Injiniya. Kwaɗo. Ta jijjiga shi, ta buga ƙofa.

"Ya tafi kasuwa sayen wayar wuta tun ɗazu," in ji mai shagon kusa, yana tara ruwa a murfin kula. "Wayarsa ma ga ta nan ya bar min caji."

Ta leƙa ta ramin ƙofa. Ga jarkokinsu can a jere cikin duhu, bakinsu a buɗe. Ta roƙi aron bokiti a gida biyu, ita da ba ta iya roƙon ko gishiri. Aka yi mata dariya, ba da mugunta ba. Wa zai ba da aron bokiti ranar ruwa?

Kowa a benen ya san yadda abin yake. Ruwa na fara janyewa ne daga sama. Nasu ne zai fara mutuwa. Ta hau da gudu, numfashi na neman ƙwace mata.

Abin da ta tarar ya sa ta tsaya a bakin ƙofa. Umma na tsaye a ƙofar banɗaki tana ba da umarni kamar mai ba da hannu a mahaɗar titi. Tukwane duk sun fito, da buta, da kwanonin cin abinci, da kofuna. Wadda ke durƙushe gaban famfo kuwa Yaya ce. Ta tattare rigar mai ruwan zuma ta cusa a ƙugu, ɗankwali ya zame, tana cika tukunya tana turawa da ƙafa, ta jawo wata ba tare da ɗigo ya faɗi ƙasa ba. Hannun bai manta ba.

"Ina jarkokin?" Yaya ta daka mata tsawa ba ta ko waiwayo ba.

"Suna... an kulle su a shago."

"Kun kulle jarka? A garin nan? Ku biyu da hankalinku? Miƙo min flas ɗin can!"

Aka cika flas. Aka cika tukunyar da aka gama cin abinci a ciki, ko ɗauraya ba a yi ba. Auta ta zazzage robar da suke ajiye cokula, ta zazzage gwangwanin sukari a kan takarda, ta miƙa. Umma ta juye furen roba daga kaskonsa. Komai ya cika, ruwa bai daina ba, yana zuba a siminti yana bin rariya.

"Wayyo, asara!" in ji Umma, ta ɗora hannu a ka, ta dubi Yaya. "Babba, yi wani abu mana!"

Yaya ta miƙe zumbur, ta faɗa ɗaki, ta fito tana jan wani ƙaton akwati na roba mai tauri, mai taya. Ta kwantar da shi a banɗaki ta zuge. Babu komai a ciki. Auta ta gane nan take: na kayan Umma ne, an zo da shi a shirye.

"Zai yi yoyo ta wajen tayoyin," in ji Umma.

"Auta, ledar tebur!"

Auta ta fizge ledar daga kan tebur, suka shimfiɗa ta a cikin akwatin, Yaya ta tura shi ƙarƙashin famfo. Ruwa ya shiga taruwa. Su uku suka tsugunna suna riƙe da gefen ledar, suna kallon sa yana hawa, suna ihu kamar masu kallon ƙwallo.

"Ja ta nan! Ta nan, Auta, kin sake!"

"Ɗaya gefen! Juya shi ɗaya gefen!"

Gefe ɗaya ya cika, suka ja da ƙyar, ɗayan ma ya kusa kai baki. Sai famfon ya yi tari. Ruwan ya sirance, ya koma kamar zare, ya koma ɗigo. Ya tsaya. Daga ƙasa ana ta hayaniya har yanzu, nasu bai mutu ba tukuna.

Umma ba ta zauna ba. Ta fita bakin matakala, ta leƙa.

"Maman 'Yan Biyu! Tsohon nan na ƙarshen baranda, an tara masa?"

"An manta, Mama!"

"A manta da shi ya sha me? Aika masa bokiti biyu yanzu. Ke amarya, rufe na wanka ki bar na sha ya cika tukuna. Kai kuma sauke wannan gangar, bayanka zai karye, ku kama ku biyu!"

Aka yi ta amsa mata da "To, Mama", daga hawa zuwa hawa. Yaya na tsaye a bayanta, ruwa na ɗiga daga gefen rigarta, tana kallon ta. Auta kuma Yaya take kallo.

Da ƙura ta lafa suka zube a falo, a tsakiyar tukwane da kofuna, ba wurin miƙe ƙafa. Batirin aro ya ƙare, fanka ta tsaya. Tabarma ta zame, zagayen jarkoki sun fito fili a siminti. Yaya ta dube su, ta dubi fankar, ta dubi tiyon da ke leƙowa ta tagar kicin. Sai ta fashe da dariya, har da hawaye.

"Wa ya kitsa wannan?"

Umma ta nuna Auta da baki.

"Ke? Ke da ba ki iya ce wa kaza kis ba?"

Auta ta sunkuyar da kai. Dariyar Yaya ta tsaya.

"To kun gani dai. Abin ya fi yadda aka rubuta ma. Umma, gobe za mu tafi. Dubi yadda kike dafe gwiwa."

Auta ta matsa kusa da Umma. Ta buɗe baki, maganar ta maƙale, ta sake buɗewa.

"Yaya, kar ki tafi da ita." Ta ɗago ta dube ta ido cikin ido. "Ba za ta ƙara ɗaukar ko buta ba, ni zan riƙa ɗauka. Can wa za ta yi wa faɗa? Bango?"

"Ji min yarinya," in ji Umma, amma ta kamo hannunta ta riƙe. "Ni ban ƙi zuwa ganin jikokina ba. Amma a me zan zuba kayan? Akwati da ruwa a ciki."

"A juye mana."

"A juye a ina? Duba ki gani, akwai abin da bai cika ba?"

"In Injiniyan naku ya dawo a juye a jarka."

"A ɗaga shi ya zube? Ba mai taɓa min shi. Da kofi za a riƙa ɗiba."

"To a fara amfani da shi yau."

"A'a. Wannan ruwa ne mai tsabta, na ƙarshen zuwa. Shi ake ajiyewa sai komai ya ƙare."

"In aka sake kawo ruwa kafin nan fa?"

"Sai a ƙara cika shi," in ji Umma.

Yaya ta dube su, uwa da 'ya, jiƙe sharkaf, hannu cikin hannu. Daga matakala wani ya kira, "Mama, tsoho ya ce a yi miki godiya!" Umma ta amsa da ƙarfi ba ta ko juya ba. Yaya ta sauke numfashi. Ta laluba jakarta ta ciro waya, ta goge ta da busasshen gefen ɗankwali, ta kira mijinta.

"Ni kaɗai zan dawo gobe," ta ce. "E, ta ƙi. A'a, gari kam ba kyau, ya fi yadda ake faɗa. Sai dai in an yi hutu mu kawo mata yaran." Ta saurara kaɗan. "Akwatin? Bar shi kawai, yana aiki."

Auta ba ta san lokacin da ta miƙe ba. Ta yi tsalle ɗaya, ƙafarta ta bugi kofi, ruwa ya malale a siminti.

"Auta!" Umma da Yaya suka daka mata tsawa tare.

Ta durƙusa da sauri tana tare shi da tafin hannu, tana dariya.